Baƙon da ya faɗo daga sama: labarin hanyar Comète

Cikin yaƙin duniya na biyu, dubban samari ƴan Ingila da Amurka sun diro da laima cikin ƙasashen da Jamus ta mamaye, bayan an harbo jiragensu. Mafi yawansu an kama su, amma fiye da dubu 5 sun kuɓuta daga hannun Jamusawa. Wa ya ɓoye su? Wa ya ciyar da su, ya ƙetarar da su iyaka? Me ya samu waɗanda sunka buɗe masu ƙofa? Ga labarin ɗaya daga cikin hanyoyin da sunka bi.

Daren da jirgi ya kama wuta

Jama'a masu karatu, sai mu fara da tuna yadda Turai take a wancan zamani. Ran 10 ga watan Mayu na 1940 sojojin Hitila sunka faɗa wa Holan da Beljik da Faransa. Kafin ƙarshen watan Beljik ta miƙa wuya, ran 22 ga Yuni kuma Faransa ta sa hannu ga takardar tsagaita wuta. Ingila ta rage ita kaɗai a bayan teku, kuma ba ta da wata hanyar taɓa Jamus in ba ta sama ba. Saboda haka dare bisa dare jiragenta masu jefa bama-bamai ke tashi su nufi garuruwan masana'antu irin su Essen da Cologne. Daga 1942 Amurkawa sunka shigo, su kuma da rana tsaka suke kai nasu farmaki.

Aikin nan ya ci rayuka ƙwarai da gaske. Cikin mutum wajen dubu 125 da sunka yi aiki a jiragen bom na Ingila, dubu 55 da 573 sun mutu, kusan dubu 10 kuma an kama su. Jirgin Lancaster mutum 7 yake ɗauka, B-17 na Amurka mutum 10, kuma mafi yawansu ba su wuce shekara 20 da ƴan kai ba. Hanyarsu ta zuwa da ta komowa bisa Holan da Beljik da arewacin Faransa take bi, inda bindigogin ƙasa da jiragen Jamus masu farautar dare ke dakonsu. In jirgi ya kama wuta, wanda ya samu sa'a ya kai ga ƙofa sai ya faɗo cikin duhu, ya buɗe laimarsa, ya sauka cikin gonar wani manomi da bai taɓa gani ba, wanda ba ya jin harshensa.

Ingila ta yi tanadin wannan rana. Tun watan Disamba na 1939 ta kafa wani biro na asiri mai suna MI9, wanda aikinsa koya wa soja yadda zai tsere. Kowane ɗan jirgi ana ba shi ɗan akwati da ke shiga aljihu: taswira da anka buga bisa ƙyallen siliki don kada ta yi ƙara ko ruwa ya ɓata ta, da ƙaramar na'urar nuna arewa wadda wani lokaci a cikin maɓallin riga ake ɓoye ta, da kuɗin ƙasar, da ɗan abin sa wa baka. An ce masa ya binne laimarsa, ya yi nisa da wurin da jirgi ya faɗi, ya ɓuya da rana, ya yi tafiya da dare. Amma duk wannan guzuri na kwana biyu ne ko uku. Bayan haka yunwa da sanyi da ciwo za su tilasta masa ya zaɓi wani gida da ke gefen ƙauye, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Doka biyu, ɗaki ɗaya

A nan ne ainihin maganar take. Lokacin da ƙofar nan ta buɗe, mutum biyu ne ke tsaye suna kallon juna, amma dokar da ke kan kowanensu dabam ce. Ɗan jirgi soja ne. In an kama shi, yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta ce fursunan yaƙi ne: a kai shi sansani, a ba shi abinci, ya jira ƙarshen yaƙi. Mafi yawan lokaci Jamusawa sun kiyaye wannan ga ƴan Ingila da Amurka. Mai gida kuwa ba shi da wata takarda da ke kare shi. Ran 22 ga Satumba na 1941, babban kwamandan sojan Jamus a Faransa, janar von Stülpnagel, ya sa anka manna sanarwa a bango: duk namijin da ya taimaki ɗan jirgin abokan gaba za a harbe shi, mace kuma a tura ta sansanin gwale-gwale a Jamus. Wanda ya tona asirin ɗan jirgi kuwa, ladarsa na iya kai faran dubu 10.

Ga kuma talauci. Burodi da nama da sukari duk da tikiti ake samun su, kowa da rabonsa. Wanda ya ɓoye ƙato mai shekara 22 a ɗakinsa, daga bakin ɗiyansa zai rage ya ba shi. Maƙwabci na iya lura an ƙara yawan burodin da ake saye, yaro na iya sakin magana a lakwal. Duk da haka ƙofofi da yawa sun buɗe. Mu a nan mukan ce baƙonka annabinka. Waɗannan mutane sun riƙe irin wannan magana a ranar da riƙonta ke iya kai mutum kabari.

Sai dai ɓoyewa kaɗai ba ta isa ba. Dole a fitar da baƙon daga ƙasa, a kai shi inda hannun Jamus bai kai ba. Gaɓar teku cike take da soja. Ƙasar da ta rage ita ce Ispaniya, wadda ba ta shiga yaƙin ba, ko da yake shugabanta Franco ya fi karkata ga Hitila. Daga can ana iya kaiwa Jibraltar, tungar Ingila da ke bakin teku a kudu. Tsakanin Buruksel da iyakar Ispaniya kuwa akwai fiye da kilomita 1000, da shingayen bincike, da duwatsun Pirene.

Budurwar da ta zo Bilbao

Cikin watan Agusta na 1941, wata budurwa siririya mai shekara 24 ta shiga biron ƙaramin jakadan Ingila a Bilbao, arewacin Ispaniya, tare da wani sojan Ingila da ƴan Beljik biyu. Sunanta Andrée de Jongh, ana ce mata Dédée, ɗiyar wani darektan lakwal ce a unguwar Schaerbeek ta Buruksel. Ta ce daga Beljik ta taho da su, da ƙafa sunka ƙetaro duwatsu, kuma tana iya kawo waɗansu in za a biya kuɗin jirgin ƙasa da na jagora. Turawan Ingila sunka yi ta shakka, har waɗansu na ganin ƴar leƙen asirin Jamus ce. Daga baya wani ma'aikacin jakadancinsu na Madrid, Michael Creswell, ya yarda da ita. Sharaɗinta ɗaya: Ingila ta biya abin da anka kashe, amma ba za ta ba su oda ba, hanyar ta ƴan Beljik ce.

Tun tana yarinya Dédée ta tashi da labarin Edith Cavell, wata ma'aikaciyar jinya ƴar Ingila da Jamusawa sunka harbe a Buruksel cikin 1915 saboda ta tserar da sojoji. Ashe ta san ƙarshen irin wannan aiki tun kafin ta sa hannu cikinsa. Hanyar da ta kafa tare da ubanta Frédéric da abokansu ita ce daga baya anka sa wa suna Comète, wato tauraruwa mai wutsiya. Akwai waɗansu hanyoyi banda ita, kamar ta Pat O'Leary da ke bi ta Marseille, da ta Shelburn wadda cikin 1944 ta riƙa fitar da mutane ta teku daga gaɓar Bretagne. Amma Comète ce ta fi shahara wajen ƴan jiragen sama.

Zango bayan zango

Tsarin Comète ya yi kama da na ayari: akwai masu masauki, akwai masu rakiya, akwai jagaba, kuma kowa zangonsa kaɗai ya sani. Manomi ya kai baƙo ga likitan ƙauye ko malamin lakwal ko limamin coci, shi kuma ya aika da saƙo Buruksel. Can za a tuɓe masa kayan soja, a sa masa tsofaffin tufafi, a ɗauki hotonsa, a yi masa kartidantite da lesefase na jabu. Wani a rubuta cewa bebe ne, wani a ce ɗan arewacin Beljik ne mai jin Flamanci kaɗai, don kada a yi mamakin rashin Faransancinsa.

Sannan a koya masa zama ɗan ƙasa. Kada ya karkaɗa kuɗi cikin aljihu, kada ya tauna cingam, kada ya sauya wa cokali hannu wajen cin abinci kamar yadda Amurkawa ke yi, ya lura har da yadda yake riƙe sigari. Cikin jirgin ƙasa ya rufe fuska da jarida ko ya yi kamar yana barci. Mai rakiyarsa, sau da yawa yarinya ce mai shekara 18 ko 20, tana tafe a gabansa da ɗan nisa kamar ba su san juna ba. Mafi yawan ma'aikatan hanyar mata ne, domin sojan da ke bincike a tasha ya fi sa ido ga namiji.

Daga Buruksel sai Paris, daga Paris jirgin dare zuwa Bayonne. A garin Anglet da ke kusa, wata ƴar Beljik mai suna Elvire De Greef, da ake kira Tante Go, ita ke riƙe da zangon kudu. Mijinta tafinta ne a ma'aikatar magajin gari, inda hatimi da takardun da ba a cika ba ke wucewa ta hannunsa. Zangon ƙarshe wata gona ce a Urrugne, gindin duwatsu, ta wata mata mai suna Frantxia Usandizanga, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya uku. Nan baƙi ke shan madara mai zafi, su sa takalman igiya irin na mutanen dutse, su jira dare.

Da ɗan gari akan ci gari. Jagaban Comète wani ƙaƙƙarfan mutum ne ɗan ƙabilar Basko, Florentino Goikoetxea, haifaffen 1898, wanda sana'arsa fasa-ƙwauri ce tsakanin Faransa da Ispaniya. Shekarun da ya yi yana kauce wa ƴan duwan sun sa ya san kowane turba da kowane dutse cikin duhu. Shi ke gaba, saura na biye a jere, ba fitila, ba magana, ana hawa ana gangara har a kai kogin Bidassoa, wanda shi ne iyaka. Sai a tuɓe wando a ɗaura a wuya, a riƙe juna, a shiga ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. A ƙetaren akwai layin dogo da hanyar mota da jandarmomin Ispaniya, waɗanda ke harbi, kuma wanda sunka kama sai gidan kaso ko sansanin Miranda. In an wuce su, da asuba a isa wata gona, daga nan San Sebastian, inda motar jakadancin Ingila za ta ɗauki baƙi zuwa Madrid da Jibraltar. Florentino ya ƙetarar da ƴan jirgi fiye da 200, Dédée da kanta ta rako mutum 118.

Misali guda: Bob Frost, mai harbi a wutsiyar jirgin Wellington, yana da shekara 19 sa'ad da anka harbo su cikin Satumba na 1942 bayan farmaki a kan Essen. Ya sauka a Beljik, kafin ƙarshen Oktoba ya ƙetare Pirene. Komowar irinsa na da amfani biyu ga Ingila. Horar da matuƙi na cin wajen shekara biyu da kuɗi masu yawa. Sannan in abokansa sunka gan shi ya shigo da ƙafarsa bayan an ɗauka ya mutu, kowa ya san faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba.

Kogin bai bar kowa ya wuce lafiya ba. Daren 23 ga Disamba na 1943 ruwa ya yi yawa, ya tafi da mutum biyu: Antoine d'Ursel, ɗaya daga cikin shugabannin hanyar a Beljik, da wani ɗan jirgin Amurka, Jim Burch.

Inda bango ya tsage

Jarin Comète duka amana ce, kuma Jamusawa sun gane cewa ta nan za a karya ta. Sai sunka riƙa turo nasu mutane masu jin Ingilishi a matsayin ƴan jirgin da anka harbo. Cikin Nuwamba na 1942 biyu daga cikinsu, da sunan Amurkawa, sunka shiga gidan iyalin Maréchal a Buruksel. An kama iyalin, an kama mutane da dama bayansu, an harbe mai gidan cikin 1943. Daga nan anka tsananta bincike: kowane baƙo sai ya amsa tambayoyi kan rundunarsa da jirginsa da irin kalmomin da ɗan jirgi na gaske kaɗai ya sani.

Ran 15 ga Janairu na 1943, ruwan sama ya cika kogi, Dédée da ƴan jirgi uku sunka kwana a gonar Urrugne suna jira. Jamusawa sunka kewaye gidan. An kama su duka har da Frantxia, kuma ana zargin wani ma'aikacin gona ne ya kai rahoto. Ƴan jirgin uku an kai su sansanin fursunonin yaƙi. Frantxia kuwa an tura ta Ravensbrück, sansanin mata, inda ta rasu cikin Afrilu na 1945, saura ƴan makonni yaƙi ya ƙare. Ɗaki ɗaya anka same su, dare ɗaya, amma dubi bambancin makomarsu.

Dédée ta faɗa wa masu tuhumarta cewa ita ce shugabar hanyar, don ta kare ubanta. Sunka ƙi yarda: a ganinsu ƴar yarinya kamar wannan ba ta iya shirya irin wannan aiki. Rainin nan na cikin abin da ya tsirar da ranta. An tura ta Ravensbrück, daga baya Mauthausen, ta fito cikin Afrilu na 1945 da ƙyar tana iya tsayuwa.

Duk wanda ya gaji shugabancin ya san abin da ke jiransa. Jean Greindl, da ake kira Nemo, an kama shi cikin Fabrairu na 1943. Yana tsare a wani barikin Buruksel bom ɗin ƴan ƙawance ya faɗa kan barikin ran 7 ga Satumba, ya kashe shi. Wato jiragen da ya ba da ransa don ceton mutanensu su ne sunka yi ajalinsa. Frédéric de Jongh an kama shi a Paris cikin Yuni na 1943, an harbe shi a Mont-Valérien ran 28 ga Maris na 1944. Wanda ya sayar da shi wani saurayi ne ɗan Beljik, Jacques Desoubrie, wanda ya shiga hanyar a matsayin mai rakiya alhali yana yi wa Jamusawa aiki. Shi ne kuma ya miƙa da yawa daga cikin ƴan jirgi 168 da anka kai sansanin Buchenwald cikin Agusta na 1944, inda anka hana su haƙƙin fursunan yaƙi saboda an same su cikin kayan farar hula. Kowa ya ci amana, amana ta ci shi: kotun Faransa ta yanke wa Desoubrie hukuncin kisa, anka harbe shi cikin 1949.

Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. Jean-François Nothomb ya riƙe ta har ranar da anka kama shi cikin Janairu na 1944, waɗansu sunka ci gaba. Da bama-bamai sunka lalata layukan dogo gabanin saukar ƴan ƙawance a Normandi, sai anka daina tafiya kudu, anka tara ƴan jirgi cikin daji. A dajin Fréteval kaɗai mutum 152 sun zauna cikin bukkoki, manoman kewaye na ciyar da su, har anka ƴanto su cikin Agusta na 1944. Florentino kuwa, cikin Yuli na wannan shekara ƴan sintirin Jamus sun harbe shi a ƙafa, sunka kwantar da shi asibitin Bayonne da niyyar tuhumarsa. Tante Go ta shirya waɗansu mutane sunka zo da motar asibiti da takardun jabu kamar ƴan Gestapo ne, sunka ɗauke shi a gaban kowa. Ya rayu har 1980.

Lissafin ƙarshe

Masu karatunmu ƴan kasuwa da ma'aikata sun saba da lissafi, to ga shi. Comète ta taimaki mutum kusan 800. Waɗanda sunka yi mata aiki sun kai wajen dubu 3. An kama kimanin 700 daga cikinsu, kusan 290 kuma an harbe su ko sun mutu a tsare. Wato kusan kowane mutum guda da ya tsira, an kama mutum guda saboda shi; kowane uku da sunka tsira, an rasa rai guda. Waɗanda sunka biya wannan farashi ba albashi ake ba su ba, ba su da galo a kafaɗa, babu kuma dokar da ta tilasta masu. Da sun rufe ƙofa sun koma barci, ba wanda zai tuhume su.

Ƴan jirgin ba su manta ba. Bayan yaƙi waɗanda sunka tsira daga rundunar sama ta Ingila sun kafa ƙungiya don tallafa wa masu masaukinsu da matan da marayun da anka bari, ta yi aiki har 1995.

Dédée ta samu lambobin girma daga Ingila da Amurka da Faransa, cikin 1985 kuma sarkin Beljik ya ba ta sarautar kontes. Amma ba ta zauna cin sunan da ta yi ba. Da ta samu lafiya sai ta ƙare karatun jinya, cikin 1954 ta taho Afirka don kula da kutare. Ta yi aiki a Kongo, da Kamaru, da Adis Ababa ta ƙasar Habasha, da Senegal, shekara da shekaru, har ƙarfinta ya ƙare ta koma gida. Ta rasu a Buruksel ran 13 ga Oktoba na 2007, tana da shekara 90.

Littattafan tarihi sun cika da sunayen janar-janar da na garuruwan da anka ci da yaƙi. Ya kamata a ajiye wuri a gefensu domin matar gona mai ɗiya uku, da darektan lakwal, da ɗan fasa-ƙwauri, da manoman da ba a rubuta sunansu ko'ina ba, waɗanda sunka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, sunka san hukuncin da ke manne a bango, sunka tashi sunka buɗe.